KULA DA MAGANIN TSOFAFFIN DA AKE JINYA A GIDA

Wannan jawabi ya shafi kowane gida da ke da tsoho ko tsohuwa a kwance, ko kuwa wanda ƙarfinsa ya ragu har sai an kula da cinsa da shansa da maganinsa. A ƙasar nan yawancin tsofaffi a gida ake jinyarsu. Likita ya duba su, ya rubuta magani, a sallame su, sauran aikin kuwa ya koma hannun 'ya'ya da surukai da jikoki, wani lokaci tare da nas ko malamin asibiti da ke leƙowa jefi-jefi. Wannan al'ada ce mai kyau wadda ta cancanci a riƙe ta, amma tana ɗauke da nauyi babba, domin maganin da aka sayo don neman sauƙi shi ne kan kwantar da tsoho idan aka yi sakaci wajen ba da shi.

A watan Maris na 2017, a birnin Bon na ƙasar Jamus, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage cutarwar da ke zuwa ta hanyar kuskuren magani, bayan ta ƙiyasta cewa irin wannan kuskure yana jawo wa duniya asarar dala miliyan dubu 42 a kowace shekara. Wurare uku hukumar ta nuna cewa nan haɗarin ya fi yawa: wajen amfani da magunguna masu ƙarfi, da wajen shan magunguna da yawa a lokaci ɗaya, da kuma lokacin da majinyaci ya tashi daga wani hannu zuwa wani, kamar ranar da aka sallame shi daga asibiti. Duka ukun nan kuwa a ɗakin tsoho suke haɗuwa.

JIKIN TSOHO DABAM NE DA NA SAURAYI

Yawancin maganin da mutum ya haɗiya, hanta ce ke sarrafa shi, ƙoda kuma ta fitar da shi cikin fitsari. Tun daga wajen shekara 40 aikin ƙoda yakan fara raguwa sannu a hankali, ko da mutum yana da ƙoshin lafiya, hanta ma haka. Bugu da ƙari, ruwan jiki da tsoka sukan ragu da tsufa. Saboda haka ƙwayar da jikin saurayi zai fitar kafin gari ya waye, tana iya daɗewa a jinin ɗan shekara 75, a zo a ɗora masa wata a kanta, har magani ya taru ya zama guba. Ƙwaƙwalwar tsoho ma ta fi saurin jin magani, abin da zai sa yaro gyangyaɗi kaɗan shi kan sa tsoho ruɗewa ko faɗuwa.

Wannan ne dalilin da ya sa likitoci kan fara wa tsoho da ɗan kaɗan, su riƙa ƙarawa a hankali. Kada mai jinya ya raina abin da aka rubuta, ya ce rabin ƙwaya ba za ta yi kome ba. Kada kuma a ba tsoho maganin da aka rubuta wa ɗansa ko maƙwabcinsa don kawai ciwon ya yi kama. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

YAWAN MAGANI DA YAWAN HANNU

Ba safai ake samun tsoho da ciwo ɗaya ba. Ga hawan jini, ga ciwon sukari, ga ciwon gwiwa, ga rashin barci, kowanne da maganinsa. Masana sukan lissafa wanda ke shan magani iri biyar ko fiye a kullum cikin masu bukatar lura ta musamman, domin gwargwadon yawan magunguna, gwargwadon yadda wani zai ci karo da wani.

A ɗauki misalin dattijon da ke fama da ciwon gwiwa. Ɗansa ya sayo masa Brufen a kemis, yana sha kullum. Wannan magani yakan ɗaga jini, sai a asibiti a ga jininsa ya hau, a rubuta masa amlodifin, ba tare da likita ya san da zancen Brufen ba. Amlodifin kan sa ƙafa kumburi, sai 'yarsa da ta zo daga wani gari ta ga ƙafar, ta sayo Lasix mai sa fitsari. Dattijo ya riƙa tashi da dare yana fita, jiri yana ɗibarsa, har wata rana ya faɗi a bakin ƙofa ya karye a ƙugu. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo magani da kyakkyawar niyya ya kawo, amma babu wanda ya ga duka magungunan a wuri ɗaya. Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to, wajen ba tsoho magani yawan hannu shi ne ke ɓata miyar.

Akwai kuma ruɗanin suna. Magani ɗaya yakan zo da suna biyu, na asali da na kamfani. Panadol farasitamol ne, Glucophage metfomin ne, Norvasc amlodifin ne. Idan an sallamo majinyaci da sabuwar leda, a gida kuma akwai tsohuwa, yana iya shan magani ɗaya sau biyu yana zaton iri biyu ne.

HANNU ƊAYA, TAKARDA ƊAYA

Maganin wannan matsala ba ya bukatar kuɗi. Da farko iyali su zauna su zaɓi mutum ɗaya mai hankali da natsuwa wanda zai ɗauki nauyin maganin, su kuma zaɓi wanda zai tsaya masa idan ya yi tafiya. Duk wanda ya kawo wani magani, ko ɗa ne ko suruki ko baƙo, sai ya miƙa shi ga wannan mutum, shi kuma ba zai bayar ba sai ya tambayi likita ko masanin haɗa magunguna.

Na biyu, a sami littafi ko takarda ɗaya a rubuta waɗannan abubuwa, da boko ko da ajami:

1. Sunan kowane magani da ƙarfinsa kamar yadda yake a jikin kwali.
2. Ciwon da ake shansa dominsa.
3. Ƙwaya nawa, da wane lokaci, kafin abinci ko bayansa.
4. Ranar da aka fara, da ranar da za a daina idan akwai.
5. Duk maganin da ya taɓa ɓata wa majinyacin jiki a baya.

A sa har da maganin ɗigawa a ido, da na shafawa, da na ƙarin jini, da na gargajiya. Duk sa'ad da aka ba da magani a yi alama a takardar nan take, domin wanda ya zo daga baya ya san an riga an bayar. Nas mai zuwa gida ita ma ta duba takardar, ta rubuta abin da ta yi. Inda mai jinya bai iya karatu ba, a roƙi malamin asibiti ya zana masa alamar fitowar rana da tsakar rana da dare a jikin kowane kwali.

Na uku, duk ranar komawa asibiti a tattara dukkan magungunan da ke ɗakin a leda ɗaya, tsoho da sabo, a kai wa likita tare da takardar. A tambaye shi wanne za a ci gaba da shi, wanne za a daina. Rage magani ma aikin likita ne, sau da yawa kuwa tsoho yakan ji daɗin jikinsa bayan an janye masa abin da ba ya bukata. A ranar sallama kada a bar asibiti sai an gane abin da ya canja. Matambayi ba ya ɓata.

MAGUNGUNAN CIWON JIKI

Babu maganin da ya fi yawo a hannun jama'a kamar na ciwon jiki, babu kuma wanda aka fi rainawa. Ibufurofen, da dikulofenak, da Feldene, da asfirin, duk dangi ɗaya ne. Sukan ci bangon ciki har ya yi gyambo ya zub da jini, sukan raunana ƙoda, su ɗaga jini, su tara ruwa a jikin mai ciwon zuciya. Garin Alabukun ma asfirin ne a cikinsa. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ƙara sauƙi, haɗari kawai yake ƙarawa. Wanda ke shan maganin hana daskarewar jini irin su wafarin, ko mai ciwon ƙoda, ko mai gyambon ciki, kada ya kusance su sai da izinin likita. Idan bayan gidan tsoho ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, alama ce jini na zuba a ciki.

Farasitamol ya fi sauƙi ga tsoho, amma shi ma yana da iyaka. Babban mutum mai lafiya ba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a cikin awa 24, tsoho mai rama ko mai ciwon hanta kuwa ƙasa da haka ya kamata, gwargwadon yadda likita ya tsara. A lura cewa yawancin magungunan mura suna da farasitamol a ciki, sai a lissafa da su.

Haɗin nan da masu talla ke ƙullawa a leda, ƙwaya huɗu ko biyar masu launi dabam-dabam ba suna, kada ya shiga bakin tsoho. Sau da yawa akan sa masa magunguna irin su deksametason, masu sa mutum ya ji garau na kwana biyu, alhali suna ɗaga sukari da jini, suna kuma raunana ƙashi.

HAWAN JINI DA CIWON SUKARI

Maganin hawan jini ba ya warkar da ciwon, danne shi yake yi. Idan aka auna aka ga jini ya daidaita, shaida ce magani na aiki, ba dalilin dainawa ba ne. Mutane da yawa sun sami shanyewar ɓarin jiki bayan sun ajiye magani don sun ji sauƙi. Abin lura shi ne jiri. Tsohon da ke shan wannan magani, idan zai tashi daga kwance, ya fara zama a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe. Maganin da ke sa fitsari da safe ake shansa. Lisinofiril yakan sa busasshen tari, wannan a gaya wa likita ya canja shi, amma idan leɓe ko harshe ya kumbura, a tafi asibiti nan da nan. Haka kuma idan tsoho ya kamu da amai da gudawa, ko ya kasa cin abinci da shan ruwa, a nemi shawarar asibiti a ranar, domin maganin fitsari da lisinofiril da metfomin suna iya cutar da wanda ruwan jikinsa ya ƙare.

Game da ciwon sukari, faɗuwar sukari ta fi hawansa saurin kisa ga tsoho. Allurar insulin da ƙwayar Daonil su suka fi kawo ta, musamman idan an ba da magani amma majinyaci bai ci abinci ba. Alamunta su ne gumi, da rawar jiki, da yunwa mai tsanani, da sambatu ko faɗa ba dalili. Idan yana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi uku a ruwa a ba shi, a sake bayan minti 15 idan bai dawo daidai ba, sannan a bi da abinci. Idan ya suma kada a ɗura masa kome, domin zai shaƙe; a kwantar da shi a gefensa a garzaya asibiti. Wanda ya sha Daonil sukarinsa na iya sake faɗuwa bayan awoyi, saboda haka ko ya farfaɗo a kai shi a duba.

MAGANIN BARCI

Barcin tsoho yakan ragu, iyali kuma sukan gaji da tashin dare, sai a nemi abin da zai kwantar da shi. Valium da Lexotan da Piriton da taramadol duk sukan sa tsoho ruɗewa, da mantuwa, da tangaɗi. Piriton da danginsa sukan riƙe fitsarin dattijon da ke da kumburin mafitsara. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, don haka duk wanda aka gani a kasuwa abin zargi ne. Wanda ya daɗe yana shan maganin barci kuwa kada a yanke masa rana ɗaya, likita ne zai rage masa da kaɗan-kaɗan.

Abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe. Idan tsohon da ke cikin hayyacinsa ya rikice cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yi saurin cewa ruɗewar tsufa ce ko iska. A fara tambaya: wane sabon magani aka ba shi a makon nan?

YADDA AKE BA DA MAGANI

A wanke hannu, a kunna fitila, a karanta kwali kowane lokaci. A zaunar da majinyaci, kada ya haɗiya yana kwance, a ba shi ruwa isasshe, a tabbata ƙwayar ta wuce. Sau uku a rana na nufin kowace awa 8, watau kamar da asuba, da ƙarfe 2 na rana, da ƙarfe 10 na dare. Maganin ruwa a auna shi da cokali ko murfin da ya zo da shi, domin cokulan gida girmansu ba ɗaya ba ne. Idan an manta da wani lokaci, kada a ninka na gaba.

Akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali cikin yini guda, akan ga haruffan SR ko XL a bayan sunansu. Idan aka daka su, ƙarfin yini ɗaya zai shiga jini a lokaci ɗaya. Saboda haka idan haɗiya ta gagara, a tambayi masanin haɗa magunguna kafin a daka ko a buɗe kafso. Allura kuwa ba ta fi ƙwaya ƙarfi ba a yawancin cututtuka. Idan likita ya rubuta ta, ƙwararre ne zai yi, da sabuwar allura da aka buɗe a gaban iyali, domin tsohuwar allura na yaɗa ciwon hanta da cutar ƙanjamau.

Tsoho ba yaro ba ne. A gaishe shi, a ce, “Baba, ga maganin hawan jini,” ko “Inna, lokacin maganin sukari ya yi.” Idan ya ƙi sha a bincika dalili cikin ladabi. Watakila ƙwayar na maƙale masa, ko tana sa shi jiri, ko yana jin nauyin kuɗin da 'ya'yansa ke kashewa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan likita na da abin da zai yi a kai.

MAGANIN GARGAJIYA, ABINCI DA AZUMI

Tsofaffi da yawa sun saba da saƙe-saƙi da jiƙo, ba kuma za su bari don an yi musu faɗa ba. Abin da ake nema shi ne kada a ɓoye wa likita. Jiƙo ba shi da ma'auni, na yau na iya fin na jiya ƙarfi, kuma ta hanta da ƙodar nan da suka gaji zai bi. Kanwa tana da sinadarin da ke cikin gishiri, yawanta ba ya dacewa da mai hawan jini ko ciwon zuciya. Madara da nono da maganin ƙwarnafi sukan hana sifurofuloksasin da tetarasaikilin shiga jini, sai a raba tsakaninsu da awa biyu ko fiye. Giya kuwa ba ta haɗuwa da maganin barci ko na sukari.

Tsohon da ke son yin azumi, na watan Ramadan ko wani, a kai shi asibiti wajen mako shida zuwa takwas kafin lokacin, domin a sake tsara masa lokutan magani, ko a gaya masa gaskiya idan azumin zai cutar da shi. Kada a tara maganin yini guda a sha a lokacin buɗa-baki. Malaman addini sun sha bayyana rangwamen da aka yi wa marar lafiya da tsoho mai rauni.

SAYE DA AJIYA

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. A sayi magani a asibiti ko a kantin da ke da lasisi, a guji na tire da na cikin mota da na bakin tasha, wanda rana ta gama dukansa. A duba lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna, a duba ranar da magani zai lalace. Wasu kwalaye, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna da wurin kankarewa. A aika lambar da ta fito ta wayar hannu zuwa lambar da ke jikin kwalin, za a sami amsa ko na gaske ne.

A gida a bar kowane magani cikin kwalinsa, a ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da taga da murhu, inda hannun jikoki ba zai kai ba. Kada a bar leda cike da magani ƙarƙashin matashin tsohon da idonsa ya yi rauni ko yake mantuwa. Insulin da ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, amma kada ya yi ƙanƙara. Inda babu lantarki, a sa kwalbar cikin ƙaramin mazubi mai murfi, a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa. Maganin ido a rubuta ranar buɗe shi, a daina amfani da shi bayan mako huɗu. Wanda likita ya ce a daina, a fitar da shi daga ɗakin, a mayar wa masu haɗa magunguna.

LOKACIN GARZAYAWA ASIBITI

Kada a jira gari ya waye idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: suma ko barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi, kumburin fuska ko harshe da wahalar numfashi, aman jini ko baƙin bayan gida, ƙuraje masu saɓule fata da miki a baki ko ido, ɗaukewar fitsari, faɗuwar da kai ya bugu, karkacewar baki ko mutuwar hannu. A tafi da ledar magani da takarda. Duk illar da magani ya yi, a roƙi ma'aikatan asibiti su cika takardar rahoto zuwa ga NAFDAC, domin da irin waɗannan rahotanni ne hukuma ke gane maganin da ya kamata a janye daga kasuwa.

Jama'a, iyayen nan su suka yi rainon waɗanda ke jinyarsu a yau, ba su kuma taɓa ɗura wa yaro abin da ba su sani ba. Hakkinsu ne a yi musu haka. Kowane gida mai tsoho ya zauna a makon nan ya zaɓi mai riƙe magani, ya rubuta takarda, ya tattara ledoji ya kai asibiti mafi kusa a duba. Wanda ya ji wannan jawabi ya isar ga wanda bai ji ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.